Tambayoyi da Amsoshi Kan Kundin D-A-D na 1989 da Fitarsa Kasuwar Duniya

A shekarar 1989 'yan ƙungiyar kiɗa ta D-A-D, wasu samari huɗu daga Kwapanhagan, babban birnin ƙasar Danmak, suka fitar da kundin waƙoƙinsu na uku mai suna No Fuel Left for the Pilgrims, kuma kafin shekarar ta ƙare kamfanin Warner Bros. na Amurka ya ɗauki kundin ya baza shi a kasuwannin ƙasashen waje. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi kundin kansa, da mutanen da suka yi shi, da abin da ya same shi bayan ya tsallake iyakar ƙasarsu.

Su wane ne D-A-D, kuma yaushe suka fara?

D-A-D ƙungiya ce ta makaɗan rok mai nauyi, irin wanda Turawa ke kira hard rock, wadda aka kafa a Kwapanhagan a shekarar 1982 da sunan Disneyland After Dark. Waɗanda suka aza harsashinta su ne Jesper Binzer mai rera waƙa da kaɗa jita, da Stig Pedersen mai jitar bas, da Peter Lundholm Jensen mai ganguna. A watan Maris na 1984 ƙanin Jesper, wato Jacob Binzer, ya shigo ya karɓi jitar da ke jagorantar kiɗa, kuma daga wannan lokaci ne ƙungiyar take lissafa shekarunta, shi ya sa ta yi bikin cika shekara 40 a 2024.

Salonsu na farko ba rok mai nauyi ba ne zalla. Sun fara ne da abin da ake kira cowpunk, wato gaurayen kiɗan kaboyi na karkarar Amurka da kiɗan punk mai gaggawa da hayaniya, kuma suna yin sa da barkwanci mai yawa, har da hulunan kaboyi da alamar ƙwaryar kan saniya wadda ta zame musu tambari zuwa yau. Da wannan salo suka fitar da Call of the Wild a 1986, sannan D.A.D. Draws a Circle a 1987, dukansu a ƙarƙashin kamfanin Mega Records na Danmak.

Yaushe kundin ya fito, kuma wa ya shirya shi?

Ya fito a Danmak a watan Maris na 1989 a hannun kamfanin Medley Records, wanda ƙungiyar ta koma bayan ta bar Mega. An naɗe shi a Kwapanhagan, kuma Nick Foss da Lars Overgaard ne suka tsaya a kan aikin shirya shi tare da 'yan ƙungiyar. Waƙoƙi 12 ne a cikinsa. Fitarsa a ƙasashen waje ta biyo baya a watan Satumba na wannan shekarar, ke nan akwai tazarar kimanin wata shida tsakanin fitowa ta gida da ta waje.

Me ya sa aka fitar da kundi ɗaya sau biyu?

Dalilin yana cikin yadda cinikin waƙa yake tafiya a wancan zamani. Waƙa a 1989 kaya ce da ake riƙewa a hannu: faifan garmaho, ko kaset, ko faifan CD wanda a lokacin yake ta samun karɓuwa. Kafin mutumin Chicago ko na Osaka ya saurari ƙungiya daga Danmak, dole ne wani ya buga faifan a masana'anta, ya loda shi a mota ya kai manyan ɗakunan ajiya, ya shawo kan masu shaguna su ba shi wuri a kan kanta, ya bi gidajen rediyo ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a saka waƙar, ya biya kuɗin bidiyo da talla, sannan ya ɗauki nauyin makaɗan su zaga garuruwa suna wasa. Kamfani irin Medley yana da ƙarfin yin wannan duka a cikin Danmak, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba a lokacin, amma ba shi da hannu ko ƙafa a Amurka.

Saboda haka hanyar da aka saba bi ita ce ƙaramin kamfani ya fara fitar da kundi a gida, idan ya yi kasuwa kuma labarinsa ya kai kunnen manyan kamfanoni, sai ɗaya daga cikinsu ya sayi haƙƙin fitar da shi a sauran ƙasashe. Haka ta faru da D-A-D. Kundin ya karɓu ƙwarai a Danmak, kamfanonin Amurka suka nuna sha'awa, daga ƙarshe Warner Bros. ya ƙulla yarjejeniya da su, yarjejeniyar da aka riƙa ambata a ƙasarsu a matsayin mafi tsoka da wata ƙungiyar rok ta Danmak ta taɓa samu zuwa wancan lokaci.

Akwai abin lura a nan wanda sau da yawa ake tsallakewa idan ana ba da labarin. Ba kuɗin Amurka ba ne ya yi kundin. An rubuta waƙoƙin, an naɗe su, mutanen gida sun saya sun yaba, duk kafin Warner ya sa hannu a takarda. Abin da kamfanin ya saya aiki ne da ya riga ya kammala, kuma a ganina wannan shi ne sirrin da ya sa kundin bai tsufa ba kamar yawancin faya-fayan da aka ƙera a wancan shekarun musamman domin su dace da kunnen rediyon Amurka.

Me ya sa suka canja suna?

Sunan Disneyland mallakin kamfanin Walt Disney ne, kamfanin da ya yi suna wajen tsare alamomin kasuwancinsa a kotu. Muddin ƙungiyar tana wasa a ƙananan dandali a arewacin Turai, babu wanda ya damu ƙwarai. Da maganar shiga kasuwar Amurka ta taso, sai barazanar ƙara ta zama abin da ba za a iya kau da kai daga gare shi ba, don haka a 1989 suka taƙaita sunan zuwa haruffa uku, D.A.D. Daga baya sun sauya yadda ake rubuta shi zuwa D:A:D a tsakiyar shekarun 1990, sannan D-A-D tun daga shekarar 2000.

Wannan canji ya jawo musu asara ta gaske. Tsohon sunan yana ɗauke da dukkan halayyar ƙungiyar, domin yana nuna wa mai sauraro tun daga bangon faifai cewa waɗannan Turawan arewa ne da suke kallon Amurka ta mafarki, ta fina-finan kaboyi da wuraren wasan yara, suna ƙaunarta suna kuma yi mata dariya. Haruffa uku ba su faɗar komai, kuma mai saye a Amurka da ya ga hoton samari masu dogon gashi a ƙarƙashinsu ba shi da dalilin ɗauka cewa sun bambanta da ɗaruruwan irinsu. Su ma ba su manta da tsohon sunan ba: kundinsu na 2011 sun raɗa masa DIC·NII·LAN·DAFT·ERD·ARK, wanda idan aka karanta shi da ƙarfi sunan nan ne da aka hana su.

Kundin da aka sayar a waje daidai yake da na gida?

Waƙoƙin su ne dai, amma ba dukansu ne suka fita da sautin farko ba. An miƙa wasu daga cikinsu ga Chris Lord-Alge, wani gwanin haɗa sauti Ba'amurke wanda daga baya ya ƙara shahara da aikinsa tare da Green Day, ya sake haɗa su domin bugun ƙasashen waje. Sake haɗa sauti ba sake naɗa waƙa ba ne. A situdiyo kowane abin kiɗa da layinsa ake ɗaukarsa, murya daban, ganguna daban, kowace jita daban, sai mai haɗawa ya zauna gaban na'urarsa ya yanke wanda zai fito gaba da wanda zai koma baya, da yawan amsa-kuwwar da za a sa wa murya, da irin ƙarfin da bugun ganga zai daki kunne da shi. Kamfanonin Amurka sun saba yin haka ga waƙoƙin da suke son turawa rediyo, saboda waƙar da aka saka tsakanin ta Aerosmith da ta Bon Jovi tana bukatar ta kai su ƙarfi da sheƙi, in ba haka ba mai sauraro a mota zai ji kamar an rage masa murya.

Wane irin kiɗa ne a cikin kundin?

Gindinsa rok ne mai nauyi irin na AC/DC: jita mai kaushi da ke maimaita gajeren zubi, ganguna masu tafiya kai tsaye ba kwana-kwana, da muryar Jesper Binzer mai ƙarce kamar ta wanda ya kwana yana ihu. Abin da ya raba shi da sauran shi ne hannun Jacob Binzer. Waƙar da ta buɗe kundin, Sleeping My Day Away, ita ce misali mafi kyau. Maimakon ya cika ta da gudun yatsu kamar yadda makaɗan jita na 1989 suke gasar yi, sai ya zaɓi sauti mai tsabta, mai zurfi, mai rawar murya, irin na kiɗan fina-finan kaboyi na shekarun 1960, yana sakin kowane sauti ya yi ta shawagi kafin ya bi shi da na gaba, yayin da jitar ɗan'uwansa take gurnani a ƙarƙashi. Mutum zai iya rera wannan zubin da baki bayan ji ɗaya. Waƙar tana magana ne a kan mai raya dare da ke kashe yininsa a barci, kuma akwai gajiya da kaɗaici a cikinta waɗanda ba a cika samu ba a waƙoƙin shagali na wancan zamani.

Sauran kundin yana kai-komo tsakanin wannan natsuwa da zafin punk ɗin da suka taso da shi. Point of View tana bin sawun waƙar farko wajen sanyin jita, Rim of Hell tana tafiya a hankali da nauyi, Girl Nation kuwa an gina ta ne domin taron jama'a su amsa, sannan Ill Will ta rufe kundin da gudu da fushi. Barkwancin bai ɓace ba, ya dai koma cikin baitoci maimakon ya tsaya a kan tufafi.

Da gaske ne mai jitar bas ɗinsu tsirkiya biyu kawai yake amfani da ita?

Gaskiya ne. Jitar bas ta yau da kullum tsirkiya huɗu gare ta, amma Stig Pedersen ya daɗe da gane cewa biyu kawai yake taɓawa, sai ya sa ake ƙera masa nasa da biyu, kamar garayar maharba. Da yake an rage wa kayan nauyin aiki, sai aka sami damar wasa da siffarsu, har akwai wadda aka yi mata ƙirar roka, kuma an san shi da hawa dandali da hular kwano mai feshin tartsatsin wuta. Wannan ya taimaka wajen sa wasanninsu na fili su zama abin da ake ba da labari, ko da yake a kan faifai abin da ake ji daga gare shi bugu ne mai sauƙi wanda yake riƙe waƙa daram.

Daga ina aka samo sunan kundin?

An ciro shi ne daga wani baiti na waƙa ta biyu, kuma ma'anarsa ita ce man fetur ya ƙare wa masu tafiyar ziyarar ibada. Sunan wannan waƙa ta biyu Jihad, kuma mai karatu Musulmi yana da haƙƙin a gaya masa haka tun kafin ya ci karo da ita. Waƙar ba nazari ba ce a kan addini, kuma ba ta nuna cewa marubutanta sun san ma'anar kalmar a wurin Musulmi. Sun ɗauko ta ne kamar yadda kafafen labaran Yamma na shekarun 1980 suke jefa ta, a cakuɗe da hotunan man fetur da hamada da yaƙi, suka yi amfani da ita don ta yi ƙara a kunne. Ina ganin wannan sakaci ne, kuma ingancin kiɗan da ke kewaye da shi bai wanke shi ba. Wanda abin ya dame shi zai iya tsallake ta ba tare da ya rasa zaren kundin ba.

Me ya sa suke waƙa da Turanci alhali suna da harshensu?

Danmak tana da gagarumar al'adar rok da harshen gida, wadda ƙungiyar Gasolin' da mawaƙinta Kim Larsen suka kafa a shekarun 1970, kuma makaɗan ƙungiyar TV-2 suka ci gaba da ita. Amma masu jin harshen ba su da yawa a wajen ƙasar, don haka duk ƙungiyar da take hangen ƙetare takan zaɓi Turanci tun daga farko. Ga D-A-D akwai ƙarin dalili, domin duniyar da suke waƙa a kanta ta Amurka ce, kuma sun riƙa murɗa karin maganar Turanci ta hanyar da baƙo ne kaɗai zai yi tunaninta.

Yaya kundin ya yi a Amurka da sauran ƙasashe?

A jadawalin Billboard 200, wanda ke jera kundaye 200 da suka fi kasuwa a Amurka kowane mako, ya kai matsayi na 116. Sleeping My Day Away ta kai ta 23 a jadawalin waƙoƙin da gidajen rediyon rok suka fi sakawa, kuma tashar talabijin ta waƙoƙi, MTV, ta nuna bidiyonta. Ƙungiyar ta zaga Amurka tana wasa, ta kuma sami masoya a Jamus da sauran ƙasashen arewacin Turai da Japan, inda aka naɗi wasansu aka fitar da shi a 1990 da sunan Osaka After Dark.

Ga ƙungiyar da shekara biyu kafin nan ba a san ta ba a wajen yankinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kamfanin da ya zuba kuɗi masu yawa yana jiran kundin da zai sayar da miliyoyi kuwa, bai kai ba.

Me ya hana su yin fice a Amurka kamar yadda aka yi fata?

Abu na farko shi ne cunkoso. A watan Satumban da kundin ya isa shagunan Amurka, a cikinsa ne Mötley Crüe suka fitar da Dr. Feelgood, Aerosmith kuma suka fitar da Pump, ga Skid Row da suka fito a farkon shekarar suna kan ganiyarsu, ga kuma Guns N' Roses da suka mamaye ko'ina tun bayan kundinsu na 1987. Waɗannan duka 'yan gida ne, suna iya shafe shekara guda cur suna zaga jihohi, suna shiga gidan rediyon kowane gari suna gaisawa da masu gabatar da shiri. Ƙungiyar da iyalanta da rayuwarta suke Kwapanhagan ba za ta iya wannan zaman dirshan ba sai ta yi ƙaura ɗungurungum, kuma D-A-D ba su yi ba.

Na biyu shi ne an rasa inda za a ajiye su. Kasuwar Amurka tana son a gaya mata a jimla ɗaya ko wane ne mawaƙi, su kuwa waɗannan sun yi wa masu son rok na ado da kwalliya kaushi, sun yi wa masu son kiɗan ƙarfe (heavy metal) zalla wasa da yawa, barkwancinsu kuma na mutanen arewacin Turai ne, wanda ake yi fuska a murtuke, har mai kallo ya kasa tantance ko da gaske ake ko da wasa. Abin da ya sa mutanen Danmak suka ƙaunace su shi ne ya rikitar da masu tallata su a can.

Na uku shi ne lokaci, kuma wannan ya fi shafar kundin da ya biyo baya. Riskin' It All ya fito a watan Oktoba na 1991, 'yan makonni bayan Nirvana sun fitar da Nevermind. Cikin ƙanƙanin lokaci salon grunge na birnin Seattle ya kawar da rok ɗin shekarun 1980 daga rediyo da MTV, kamfanoni suka shiga sallamar ƙungiyoyin da suke ganin na tsohon yayi ne, ba tare da tsayawa bambance wanda ya cancanci a sallama da wanda bai cancanta ba. Riskin' It All ya yi kasuwa sosai a Danmak, amma bai buɗe ƙofar Amurka ba, kuma alaƙarsu da Warner ta zo ƙarshe bayansa.

Su ne 'yan Danmak na farko da suka gwada wannan hanya?

A'a. Mercyful Fate da jagoransu King Diamond sun riga su yin suna a tsakanin masu son kiɗan ƙarfe tun farkon shekarun 1980, Pretty Maids daga garin Horsens sun fitar da Future World a 1987 a ƙarƙashin kamfanin CBS, Mike Tramp kuma ya yi nasara a Amurka tare da White Lion. Lars Ulrich mai gangunan Metallica ma ɗan Danmak ne, kuma a situdiyon Sweet Silence da ke Kwapanhagan aka naɗi kundayen Metallica na 1984 da 1986. Sai dai Tramp da Ulrich sun koma Amurka ne suka kafa ƙungiyoyinsu a can tare da Amurkawa. D-A-D sun yi ƙoƙarin shiga ne a matsayin ƙungiyar Danmak cikakkiya mai zaune a gida, kuma sai bayan fiye da shekara 20 aka sami wadda ta cim ma hakan sosai, wato Volbeat, waɗanda kundinsu na 2013 ya shiga sahun goma na farko a jadawalin Billboard.

Me ya faru da ƙungiyar bayan rabuwa da Warner?

Ta ci gaba da aiki, wanda yawancin takwarorinta na Amurka da guguwar 1991 ta kwashe ba su iya ba. Dalili kuwa shi ne tana da jama'arta a gida waɗanda ba ta hannun MTV ta same su ba, don haka MTV ba ta iya ƙwace su. Sun fitar da Helpyourselfish a 1995 da sauti mafi nauyi da duhu, sannan Simpatico a 1997. A 1999 Peter Lundholm Jensen ya ajiye sandunan ganga, Laust Sonne ya maye gurbinsa, kuma wannan ne kaɗai canjin mutum da aka yi a ƙungiyar tun 1984. Daga nan kundaye suka ci gaba da fitowa, ciki har da Everything Glows a 2000, da Monster Philosophy a 2008, da A Prayer for the Loud a 2019, da Speed of Darkness a 2024. Sun sha hawa dandalin bikin kiɗa na Roskilde, mafi girma a ƙasar, kuma har yanzu suna zaga Jamus da ƙasashen maƙwabta.

Wanda yake son sauraron kundin yau, ta ina zai fara?

Kundin yana kan manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify da YouTube, kuma a nemo shi da sunan D-A-D, tare da saka layukan da ke tsakanin haruffan, domin idan aka rubuta haruffan a haɗe sakamakon binciken yakan cika da abubuwan da ba su da alaƙa da ƙungiyar. Zai fi kyau a fara da Sleeping My Day Away da Point of View domin a ji hannun Jacob Binzer, sannan a koma kan Rim of Hell da Girl Nation. Wanda yake son ya gane nisan tafiyar da suka yi cikin shekara uku sai ya saurari Call of the Wild na 1986 daga baya, inda kiɗan kaboyin yake a fili ba a rufe shi da komai ba. Masu tara tsofaffin faya-fayai kuma su duba tambarin kamfanin da ke bayan kwali, Medley ko Warner Bros., domin shi ne zai nuna musu ko sautin Kwapanhagan na watan Maris suka riƙe ko wanda aka sake haɗawa na watan Satumba.